Wanda Ya Buɗe wa Alhaja Kasuwa

Ranar da Akinkunmi ya fara shiga bukar abincin Alhaja Sidikatu da ke unguwar Mokola a Badun, Motunrayo na maƙale da waya ɗaya a kunne, wata a hannu, ga ɗan acaba tsaye a gabanta yana rantsuwa.

"Anti Tunrayo, wallahi ledar da aka miƙo min ita na kai!"

"Matar nan naman akuya ta ce, kai kuma ka kai mata ganda. Mai gandar kuma ga shi nan a waya daga Bodija, ya gama da ni ya koma kan kakannina."

Ta ba na wayar haƙuri, ta sallami ɗan acaban da sabuwar leda, sannan ta ɗago. Wani dogon saurayi ne da jaka a baya, ya cinye amalarsa yana jira ya biya.

"Yi haƙuri," ta ce, ba ta kalle shi sosai ba.

"Ba komai. Amma ta aljihunki ma tana ƙara."

Ta laluba ta ciro waya ta uku. Dariya ta so ƙwace mata, ta danne ta da gefen gyale.

Tunrayo ce kaɗai 'yar Alhaja. Da ta gama jami'a ba ta bi ƙawayenta Legas ba, ta dawo bukar da aka biya mata kuɗin makaranta da ita. Ita ta kawo maganar kai wa mutane abinci gida da ofis, abin kuwa ya karɓu har ya fi ƙarfin tsohuwar na'urar da ke kan kanta. Na'urar ba ta san komai ba sai karɓar kuɗi da fitar da rasit. Wa ya ce a sa masa barkono, wa ya ce a raba masa miya daban, wane ɗan acaba ya tafi ina, duk a kan Tunrayo suke.

Saurayin ya dubi na'urar yayin da take nishi kafin ta fitar da rasit.

"Wannan baiwar Allah ta daɗe da yin ritaya, ba a dai gaya mata ba ne."

"Malam, abinci ka zo ci ko zagi?"

"Abinci. Zagin gyara ne."

Ya ce sunansa Kunmi, yana aiki da wani ƙaramin kamfani da ke yi wa gidajen abinci manhaja. Mai saye zai yi oda ta wayarsa, takarda ta fito a kicin kai tsaye, a ga ɗan acaban da ya ɗauka da inda ya kai. Ya ajiye katinsa, ta tura shi ƙarƙashin na'urar kamar ba ta damu ba.

Da yamma ta ciro shi.

Da farko maganar manhaja kawai suke yi. Tana tambaya, yana amsawa, ba ya ɓoye mata aibu: akwai kuɗin wata, sai an koya wa masu kicin, ranar da babu sabis kuma sai an koma hannu. Wannan gaskiyar ce ta fara shiga ranta. Daga baya ya zama kullum yana da dalilin biyowa ta Mokola da azahar. Ya ji tsofaffin masu girki na kiranta Arike, sunan kirarin da kakarta ta sa mata, ya ɗauke shi bai nemi izini ba.

Wata safiya saƙonsa ya shigo:

"Arike, jiya na ci amala a wani wuri saboda aiki. Ina neman gafara. Har yanzu maƙogwarona bai yafe min ba."

Ta daɗe tana rubutawa tana gogewa kafin ta tura:

"Injiniyan amala, laifinka babba ne. Hukuncinka ka zo yau ka ci ba nama."

"Na karɓa. In dai ke za ki miƙo farantin, ko ba miya."

Ta kifa wayar a cinya, kunnuwanta na zafi.

Alhaja Sidikatu ba ta zama a kan kanta. Wurinta gaban tukwane ne, da ludayi a hannu, mai saye ya nuna tsokar da yake so ta tsamo masa. Idonta kuwa na ko'ina. Da Kunmi ya zo gaishe ta ya kwanta rub da ciki kamar yadda ake yi wa manya, ta bar shi ya ɗan jima a ƙasa kafin ta ce ya tashi.

"Kai ne mai son sa min kwamfuta a cikin miya?"

"A'a Mama, miyar taku ce. Ni hanyar da za ta bi kawai zan gyara."

"Hanyar miya ko hanyar 'yata?"

Masu girki suka tuntsire da dariya. Tunrayo ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Duk da haka Alhaja ta yarda a gwada. Ta gaji da ganin 'yarta tana ramewa da wayoyi uku.

Kunmi ya zo da sassafe don ya gama haɗawa kafin cunkoso. Ya ɗora sabon allo a kan kanta, ya kafa ƙaramar na'urar fitar da takarda a kicin, ya gaya wa Iya Basira, shugabar masu girki, cewa duk takardar da ta fito a ƙulla abin da ke jiki. Tunrayo ta fita karɓar nama daga mahauci. Shi kuma, kamar yadda yake yi a ko'ina, ya danna odar gwaji don ya ga ko takardar za ta fito.

Ta fito. Iya Basira, da ta sauke tukunyar farko kenan, ta sa mara ta yanko malmala biyu ta ƙulle.

A daidai lokacin Baba Lasisi ya shigo da sandarsa. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma tun Tunrayo na goye shi ke buɗe wa Alhaja kasuwa. Malmalar farko tasa ce, kuɗin farko nasa ne, Alhaja ta karɓa da hannun dama ta yi addu'a, sannan a sayar wa kowa. Ya leƙa tukunya ya ga an riga an yanka. Ya ja kujera ya zauna.

Alhaja ta fito daga ɗakin baya da carbi.

"Wa ya taɓa min tukunya?"

"Oda ce ta shigo, Alhaja," in ji Iya Basira.

"Wa ya saya?"

Kunmi ya matso da murmushi. "Ba kowa, Mama. Gwaji ne kawai."

"Ba kowa?"

"Eh, babu mai saye, babu kuɗi. Yanzu zan goge."

Tunrayo, da ta shigo da robar nama, ta tsaya cak a bakin ƙofa.

"Za ka goge," Alhaja ta maimaita a hankali. "Ko bashi ba na buɗe kasuwa da shi. Kai ka buɗe min da iska. Uwarka ba ta taɓa sayar da ko gishiri ba ne?"

Ranar kuwa kamar da gayya. Gas ya ƙare ana tsakiyar tuƙi, miyar wake ta kama ta yi ƙauri, wani ofis da ya saba sayen na mutum da yawa ya fasa. Kafin la'asar an cire allon an mayar da shi kwali.

"Maami, arziki na Allah ne," Tunrayo ta ce tana durƙushe. "Gas ɗin tun jiya na ce a canza."

"Na san na Allah ne, na riga ki zuwa Makka. Amma ta hannun mutum yake aikowa. Yaron nan farar ƙafa gare shi. Ba na son ta a buka, ba na son ta a gida."

Daga ranar Kunmi ya ɗauke ƙafa. Ba kira, ba saƙo. Ta tura masa, "Lafiya?" Shiru. Ta sake turawa, "Ko ba a sayi manhajar ba, ai ana gaisawa." Shiru.

Sai ga Gbenro ya fara zarya. Ɗan aminiyar Alhaja ne, ya dawo daga Legas da mota mai sanyi da turare mai riga shi shiga ɗaki. Ya iya gaisuwa, ya iya yi wa Alhaja kirarin gidansu har ta yi hawaye. Shi ma yana da shawara: a sa bukar a babbar manhajar da ke karɓar oda dare da rana, a buɗe rassa, a riƙa tuƙa amala tun asuba ana ɗumamawa.

"Amala ɗumame?" Tunrayo ta ce.

"Wanda ke ofis ina ya sani? Ke dai ki bar min wannan, sarauniya. Shi kuma ɗan jakar nan, manta da shi. Ɗan talla kamar ƙuda ne, inda babu ciniki ba ya sauka."

Maganar ta soke ta, don ita ma abin da zuciyarta ke raya mata kenan. Ta koma wa wayoyinta uku da haƙori a cije. Ta ƙudura ko ba Kunmi sai ta gyara tsarin bukar nan, ta shiga tambayar wasu kamfanoni. Sai dai kowanne ta saurara, muryarsa take nema a ciki.

Wata safiya tana zuba wa Baba Lasisi ruwan wanke hannu, ya dube ta ta saman tabarau.

"Arike, ki zo ki kwashe min mutuminki. Ya cinye min yamma, ya cika min gida da goro."

"Wane mutum, Baba?"

"Mai farar ƙafar mana. Uwarki ta ja shi bayan buka ta sa ya yi alkawari ba zai tako nan ba, ba zai kira ki ba, ba zai rubuto ba. Shi kuma sakarai ya riƙe alkawarin. Ni dai ba a sa ni na yi alkawarin komai ba."

Bayan la'asar ta same shi a barandar Baba, zaune a kan benci da kwamfuta a cinya. Ya rame. Yana ganinta ya miƙe har ya kusa yar da ita.

"Ban kira ki ba," ya ce da sauri. "Baba shaida ne."

"Na gani. Na kuma ga ka bar ni ina zaginka a zuci."

"Gara ki zage ni da in fara da karya wa Mama alkawari. Wanda ya karya na farko, da wane baki zai nemi 'yarta?"

Ta sunkuyar da kai. "Wa ya ce ana ba ka?"

"Ba a ce ba. Shi ya sa nake aiki."

Ya juyo mata da kwamfutar. Ya ce ya je kasuwar Gbagi wurin gwaggonsa mai sayar da atamfa ya ba ta labari, ta rufe shi da duka da kan yadi kafin ta yi masa bayani. Ya koma ofis ya yi ta rigima da shugabansa har aka bar shi ya canza. Yanzu manhajar a kulle take kwana. Babu odar da za ta shiga, babu takardar da za ta fito, sai mai buka ta yi cinikinta na farko hannu da hannu, sannan ta danna da yatsanta ta buɗe.

"Shugabana ya ce camfi nake rubutawa. Na ce masa kasuwarsu ce, su ke da ƙofa."

Tunrayo ta daɗe tana kallon allon. Da ta yi magana muryarta ƙasa-ƙasa ce.

"Ajani, ka ci abinci kuwa?"

Bai san ta san sunan kirarinsa ba. Baba Lasisi ya yi tari daga cikin ɗaki. "Ku yi a hankali, bangon nan na katako ne."

Ba ta jira gobe ba. Ta sami Alhaja a gida tana ware daddawa, ta durƙusa.

"Maami, na ga Kunmi. Ni na je, ba shi ya zo ba."

Alhaja ba ta ɗago ba.

"Kun ce ƙafarsa fara ce, amma ba ku taɓa karɓar kuɗinsa da safe ba. Iska kuka gwada, ba shi ba. Ku bar shi ya buɗe kasuwa sau ɗaya, da yunwarsa da kuɗinsa."

"In ranar ta ɓaci fa?"

"In ta ɓaci na haƙura da manhajar."

"Da shi da ita."

"Ba zan aure shi ba sai da yardarku, Maami. Amma Gbenro ma ba zan aura ba. Sai dai mu tsufa tare a gaban tukwane."

Alhaja ta ɗago ta dubi 'yar da ko a taron suna ba a jin muryarta.

"Taurin kan ubanki ne wannan, Allah ya jiƙansa. Ranar Laraba. In Lasisi ya yarda ya ba shi wurinsa."

Baba Lasisi ya ja rai yadda ya kamata. Ya ce tun kafin a yi wa Kunmi kaciya yake buɗe kasuwar nan. Daga ƙarshe ya yarda, da sharaɗin zai zauna kusa ya ga ko yaron ya iya cin amala ko da cokali yake ci.

Da safiyar Laraba Tunrayo ta tura saƙo, da izinin Alhaja:

"Ka zo da sabon kuɗi, ka miƙa da hannun dama, kada ka nemi canji, kada ka yi wasa. Ina addu'a."

Amsa ta zo nan take:

"Ko wasa ɗaya ban taho da shi ba, Arike."

Ya zo cikin farar buba, ya kwanta ya gaida Alhaja, ya nuna tsokar da yake so. Ta tsamo masa. Ya miƙa kuɗi, ta karɓa, leɓenta ya motsa. Ya ci da hannu har ya suɗe, Baba Lasisi ya gyaɗa kai.

Bai gama wanke hannu ba gari ya haɗe.

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kwatar Mokola ta cika ta tumbatsa, titi ya koma rafi. Lokacin da ya kamata layi ya kai bakin hanya, babu kowa a buka sai Baba Lasisi da wasu 'yan acaba da suka fake. Wayoyin Tunrayo sun ɗan yi ƙara, amma rugugin ruwa a kan rufin kwano bai bari ta ji abin da ake faɗa ba. Tukwane cike, amala na hucewa a banza.

Alhaja ta zauna ta harɗe hannu. Ba ta kalli Kunmi ba, shi ma bai ɗago ba. Allon da aka sake fitowa da shi daga kwali na kan kantar bukar a kulle, yana jiran yatsa ɗaya.

Tunrayo ta ɗauko shi, ta durƙusa, ta ɗora a cinyar uwarta.

"Maami, an yi cinikin farko. Ƙofar gaba ruwa ya tare ta. Wannan kuma ku kaɗai ke da ikon buɗe ta. In ba ku so, in mayar kwali."

"Sidi," in ji Baba Lasisi, "mutanen Badun ba sa daina jin yunwa don ana ruwa. In kin bar ta a rufe, kada ki ɗora wa ƙafar yaro abin da yatsanki ya yi."

"Kai kuma wa ya sa da kai, tsohon jirgi?"

Ta dubi tukwanenta. Ta dubi 'yarta, wadda ba ta sauke ido ba. Ta goge hannu a zani, ta yi bisimilla, ta danna.

Na ɗan lokaci babu abin da ya faru. Sai na'urar kicin ta yi ƙara ta tofo takarda. Iya Basira ta tsaya da mara a hannu.

"Wannan mutum ne ko iska?"

"Mutum ne," Tunrayo ta ce tana duba allo. "Wata ma'aikaciyar jinya, ta riga ta biya."

Wata ta biyo baya, sai wata. Mutanen da Tunrayo ta tura wa sanarwa tun jiya, ruwa ya tsare su a ofis da shago. 'Yan acaban da suka fake suka saka rigunan leda. Kunmi ya naɗe hannun bubarsa ya shiga ɗaure ledoji. An yi kuskure ɗaya, aka gano tun kafin ɗan acaba ya tayar da babur.

Ba a sayar da komai duka ba. Da yamma akwai sauran miyar wake da ɗan nama a gindin tukunya. Alhaja ta leƙa ta taɓe baki.

"Ranar da rana ta fito na fi haka."

Ta ɗauki faranti da kanta, ta zuba amala, ta tsamo tsokar da ta fi kowacce girma, ta dire a gaban Kunmi. Ya sa hannu a aljihu.

"Mayar da kuɗinka. Ba a sayar wa ɗan gida." Ta juya ga tukwane. "Na'urarka ta zauna. Ka ce wa manyanka su zo, kada su zo min da safe."

Kunmi ya zube rub da ciki a kan jiƙaƙƙen siminti. Tunrayo ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa, Iya Basira ta rangaɗa guɗa.

Gbenro ya ji labari ya aiko da saƙon taya murna mai tsawo, ya koma Legas.

Bayan damina aka yi biki. An ɗaura aure da hantsi, da rana dangin ango suka shigo da doya da zuma da goro da akwatin amarya. Mai jagorantar bikin ta sa Kunmi da abokansa suka yi ta kwanciya a gaban dangin amarya, tana cewa ƙirjinsu bai taɓa ƙasa sosai ba, a sake. Aka fito da Tunrayo a lulluɓe, ta ɗauki hularsa ta ratsa taro, ta durƙusa ta ɗora masa.

"Arike," ya raɗa mata, "ta karkace."

"Haka za ka sa ta har abada," ta ce.

Sannan suka durƙusa gaban Alhaja. Ta dafa kawunansu, muryar da ke tsawata wa mahauta ta karye.

"Allah ya sa ku tsufa tare. Kada tukunyarku ta kwana a bushe, kada baƙonku ya koma da yunwa. Abin da ɗayanku ya ɓata, Allah ya ba ɗayan haƙurin gyarawa. Ku haifi na goye, ku ga jikoki. Kunmi, ga ta nan. Ita kenan gare ni."

"Na riƙe, Maami," ya ce.

Taro ya amsa da amin, makaɗa suka saki ganga.